Daga Dako zuwa Kyamara: Sauyin Sana'a da Ma'aunin Nasara a Finafinan Umaru Ganda

Tsakure

Maƙalar ta dubi finafinan Umaru Ganda (1935-1981), Bazabarmen Yamai wanda ya yi aikin soja da dako kafin ya zama mai shirya fim. An fi mayar da hankali a kan Cabascabo (1968), tare da kwatanta shi da Moi, un noir na Jean Rouch, inda Ganda ya fara fitowa a matsayin ɗan wasa. Abin da ake son nunawa shi ne, labarin da aka saba bayarwa na lebura da Bature ya tsinta har ya yi suna, labari ne da finafinan Ganda da kansu suka ƙi amincewa da ma'auninsa.

Gabatarwa

Nazarin fim a sassan Hausa na jami'o'i ya fi karkata ga finafinan bidiyo na Kano, waɗanda ake ƙirga farkonsu daga Turmin Danya na 1990. Wanda ya zurfafa kaɗan yakan waiwayi Shaihu Umar na Adamu Halilu (1976). Ba kasafai ake ƙetara iyaka a dubi Jamhuriyar Nijar ba, alhali tun cikin shekarun 1960 ƙasar tana sahun gaba a harkar sinima a Afirka ta Yamma. Wani abin lura game da waɗanda suka kafa wannan harka shi ne, kusan babu ɗaya daga cikinsu da ya tashi da ita. Mustafa Alhassan bakanike ne kafin ya fara zane da ɗaukar hoto. Jean Rouch, Bafaranshen da ya buɗe wa da yawansu ƙofa, injiniyan hanyoyi da gadoji ne da aka turo Nijar a 1941. Can a Senegal ma, Usman Sembene ya yi su, ya yi gini, ya yi soja, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille, ya rubuta littattafai, sai da ya kusa shekara arba'in sannan ya tafi Masko koyon shirya fim.

Saboda haka sauyin sana'a a tarihin sinimar wannan yanki shi ne ƙa'ida. Abin tambaya shi ne me mutum yake shigowa da shi daga tsohuwar sana'arsa, kuma da wane mudu yake auna kansa bayan ya sauya. A cikinsu duka, Umaru Ganda ne ya mayar da wannan tambaya jigon fim ɗinsa na farko.

Soja, ɗan dako, ɗan wasa

An haifi Ganda a Yamai a 1935. Yana da shekara 16 ya shiga rundunar Faransa, aka kai shi yaƙin Indoshina, yankin da ya ƙunshi Biyetnam da Lawos da Kambodiya na yau. Yaƙin ya ƙare da faɗuwar sansanin Faransa na Dien Bien Phu a watan Mayun 1954. Ganda ya dawo gida a 1955, bai sami aiki ba, sai ya bi hanyar da dubban matasan Nijar suke bi a lokacin, wato ci-rani zuwa bakin teku. A Abijan ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa. A nan ya haɗu da Rouch, wanda yake bincike a kan 'yan ci-ranin Nijar, ya ɗauke shi aikin tattara bayanai, daga baya kuma ya ba shi matsayin tauraro a Moi, un noir.

An ɗauki fim ɗin a 1957 a unguwar Treichville, da ƙaramar kyamara mai zaren milimita 16 wadda ba ta naɗar sauti. Sai bayan an haɗa hotunan aka zaunar da Ganda a gabansu, ya riƙa magana a kansu yadda ta zo masa. Wannan murya ce ta ba fim ɗin rai, ita ce kuma ta sa ya ci kyautar Louis-Delluc ta 1958, matasan masu sharhin fim na Faransa irin su Jean-Luc Godard suka yi ta yabonsa. Amma a lura da sunan da tauraron yake amsawa: Edward G. Robinson, sunan wani ɗan wasan Amurka. Abokansa su ne Eddie Constantine da Tarzan, budurwar da yake so kuma Dorothy Lamour. Mafarkinsa shi ne ya zama zakaran dambe na duniya, ya mallaki mota da gida. Duk wata siffa ta nasara da ke cikin kansa daga majigin gidan sinima ya aro ta. Kowace safiya yakan ƙetara zuwa unguwar kasuwanci neman aikin yini, da yamma ya dawo ya ci gaba da zama wani mutum daban a zuciyarsa.

Fitowa ta ƙarshe a fim ɗin ita ce ta fi shahara. Robinson yana tafiya a bakin ruwa tare da wani yaro, yana ba shi labarin Indoshina, yana kwaikwayon jifa da gurneti, yana faɗuwa ƙasa yana tashi. Masu sharhi sun ɗauki wannan fitowa a matsayin ƙololuwar 'yancin da Rouch ya bai wa ɗan wasansa. Akwai gaskiya a ciki, sai dai 'yancin yana da iyaka. Yaƙin da ya ci ƙuruciyar mutum ya zama wasan 'yan mintuna a ƙarshen fim ɗin wani, wanda shi ya zaɓi inda za a ajiye kyamara, shi ya yanka, shi ya haɗa, sunansa ne kuma a kan kyautar. Kalmar "ni" da ke cikin sunan fim ɗin ta Ganda ce, amma sa hannun na Rouch ne. A wata tattaunawa da aka yi a 1965, Sembene ya zargi Rouch da masana irinsa da kallon 'yan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari. Zargin ya yi tsauri idan aka dubi irin zaman da Rouch ya yi da abokan aikinsa na Nijar har mutuwarsa a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. Duk da haka ya taɓo ainihin matsalar, wato wane ne yake riƙe da kyamara.

Cabascabo

Da Ganda ya koma Yamai, ya shiga ƙungiyar masu sha'awar sinima ta Cibiyar Al'adu ta Faransa da Nijar, ya koyi aikin a matsayin mataimakin ma'aikacin fasaha. Daga wata gasar rubuta labarin fim ne Cabascabo ya fito a 1968. Fim ne na minti 45, baƙi da fari, yawancin maganganunsa da Zabarmanci. Ganda ne ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ne kuma ya fito a matsayin tauraro. Shekara goma ke nan bayan Moi, un noir, kuma ba laifi ba ne a ce ya ɗauko waccan fitowa ta bakin ruwa ya shimfiɗa ta ta zama fim sukutum.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Tsohon soja ya dawo daga Indoshina da kuɗin sallama, dangi da abokai suka tarbe shi da murna. Ya shiga rabo da kashewa, a mashaya da wajen mata da hannun masu yabo. Ta dabarar waiwaye ake nuna gutsattsarin abin da ya gani a fagen fama. Kuɗi suka ƙare, jama'a suka watse, ya nemi aikin lebura amma ko a can bai sami girman da yake ganin ya cancanta ba. A ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi aikin gona.

Za a iya karanta wannan a matsayin gargaɗi a kan almubazzaranci da abokan cin mushe, irin jigon da ya cika littattafan hikaya da wasannin rediyo. Wanda ya tsaya nan ya rage wa fim ɗin daraja. Abin da ya bambanta shi shi ne yadda ya jera ma'aunan nasara guda uku, ya bar kowanne ya karye a gaban mai kallo.

Na farko shi ne ma'aunin bariki: igiya a kafaɗa, lambar yabo, umarni da biyayya. Kalmar "nasara" kanta, wadda Hausa ta aro daga Larabci, asalinta rinjaye ne a fagen yaƙi. To ga mutum ya dawo daga yaƙin da aka ci iyayen gidansa, yaƙin da aka kai shi don ya murƙushe waɗanda suke neman abin da ƙasarsa za ta samu a 1960, amma ana tarbarsa kamar wanda ya ciwo gari. Fim ɗin bai tsaya yin lacca a kan wannan ba. Waiwayen da ake yi zuwa fagen fama ne yake aikin, domin duk lokacin da labarin jarumta ya fito daga bakin Cabascabo, hoton da ke biye yakan zo da gajiya da tsoro da ƙasƙanci. Tazarar da ke tsakanin abin da baki yake faɗa da abin da ido yake gani ita ce hujjar fim ɗin. A nan ne kuma aka ga amfanin riƙe kyamara da kai. A wurin Rouch, maganar Ganda ita kaɗai ce shaida a kan yaƙin, mai kallo yana iya ɗaukarta a matsayin cika-bakin ɗan dako. A wurin Ganda, shi da kansa ne yake tona cika-bakin.

Na biyu shi ne ma'aunin gari, inda ake gane girman mutum da yawan waɗanda suke ci a hannunsa. Wannan ne ya fi ɗaukar lokaci a fim ɗin, kuma shi ne ya fi kusa da rayuwar mai kallo Bahaushe ko Bazabarme. Ba wauta ce kawai ta sa Cabascabo yake rabo ba. Al'umma ta riga ta tsara wa wanda ya dawo daga tafiya yadda zai nuna cewa tafiyar ta yi kyau, kuma hanyar ita ce kyauta. Idan ya riƙe hannunsa, ya tabbatar wa mutane cewa ya dawo da wofi. Idan ya sake shi, zai wayi gari da wofin. Duk ɗan ci-rani ya san wannan tarko, ko daga Abijan ya dawo, ko daga Kumasi, ko daga Jidda. Ganda ya san shi ta fuska biyu, domin ya dawo gida a matsayin soja, ya sake dawowa a matsayin wanda aka gani a majigi. Shi ya sa bai zana masu cin kuɗin a matsayin miyagu ba. Mutane ne da suke bin wata ƙa'ida da kowa ya sani, har da wanda ake ci.

Na uku shi ne ma'aunin aikin albashi, wanda ya zo da mulkin mallaka ya kuma zauna bayan tafiyarsa. A wurin aikin lebura babu mai tambayar igiyar da mutum ya taɓa ɗaurawa. Wanda jiya yake ba da umarni yau shi ake aika. Masu kallo na 1968 sun san wannan hali a zahiri, domin dokar da Faransa ta yi a ƙarshen 1959 ta daskarar da fanshon mazan jiya na ƙasashen da ta mallaka a kan adadin da yake a lokacin samun 'yanci, ba a kuma fara gyara wannan zalunci sosai ba sai a shekarun 2000.

Sai ƙarshen fim ɗin, wanda shi ne wurin da ya fi rauni, ko kuma ya fi buƙatar a yi masa karatu na biyu. Komawa ga na-duƙe tsohon ciniki amsa ce da ta yi daidai da bakin gwamnatocin wancan zamani, masu kiran matasa su bar zaman birni su koma gona. Idan aka ɗauke ta a haka, ta yi sauƙi da yawa. Fim ɗin bai nuna gonar ba a matsayin wurin da matsala take warwarewa, kuma tarihi bai yi wa wannan amsa adalci ba, domin a daidai shekarun da suka biyo baya ne fari ya afka wa Sahel, har ya kai ga yunwar 1973 da 1974. Ban da haka, shi mai fim ɗin bai koma gona ba. Ya zauna a Yamai ya ci gaba da neman zaren fim da kuɗin wanke shi. Abin da ya haɗa Cabascabo da mahaliccinsa shi ne dukansu sun daina jiran wani ya gaya musu ko su wane ne. Ɗaya ya ɗauki kayan noma, ɗaya ya ɗauki kyamara, kuma tafiyar da tauraron ya yi shi kaɗai, ba maroƙi ba rakiya, ta fi inda ya nufa muhimmanci. Wannan karatu ya fi dacewa da ginin fim ɗin, ko da yake bai wanke shi daga wani aibi ba: matan da ke cikinsa, har da rawar da Zalika Sule ta taka, ba su da wani aiki sai na zama matakan faɗuwar namiji.

Alhaji, malami da sarki

Finafinan da suka biyo baya sun ci gaba da bincikar mutanen da al'umma ta riga ta yanke musu hukuncin cewa sun yi nasara. A Le Wazzou polygame, wani alhaji da ya dawo daga Makka ya yi amfani da dukiya da laƙabi ya auri yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawari, ta zama matarsa ta uku, abin ya ƙare da kisan kai bisa kuskure a lokacin biki. A nan Zalika Sule ta sami rawar da ta fi ta farko nauyi, a matsayin kishiyar da ta ƙi haƙura. Saïtane (1972) ya dubi malamin tsibbu da yake fakewa da addini yana dillancin alfasha. L'Exilé (1980), fim ɗinsa na ƙarshe, ya ɗauko tatsuniya ya sa ta a bakin wani jakada da ke gudun hijira, jigonta kuwa nauyin alkawari, wato mutum ya cika maganar da ya furta ko da za ta ci ransa. Idan aka jera su, za a ga Ganda ya bi laƙabi ɗaya bayan ɗaya, soja da alhaji da malami, yana ƙwanƙwasa kowanne don a ji ko akwai wani abu a ciki, har ya tsaya a kan abin da ba a saye da kuɗi, wato maganar mutum.

Ba shi kaɗai yake wannan aiki ba. A 1972 Mustafa Alhassan ya fitar da F.V.V.A., haruffan farko na kalmomin Faransanci huɗu masu nufin mace da gida da mota da kuɗi, labarin ƙaramin ma'aikacin gwamnati da neman waɗannan abubuwa ya kai shi ga taɓa dukiyar hukuma da ɗauri. Waɗannan huɗun su ne dai mafarkin Robinson na Treichville. Tsohon bakanike da tsohon ɗan dako sun zo ga jigo ɗaya, wataƙila domin dukansu sun taɓa tsayawa a wajen katangar suna leƙen abin da ke ciki.

Abin da sauyin ya ci

Idan da ma'aunin kyaututtuka za a bi, Ganda ya yi nasara tun da wuri. An nuna Cabascabo a makon masu sharhi na bikin Cannes a 1969, an kuma kai shi bikin Masko a shekarar. A 1972 Le Wazzou polygame ya zama fim na farko da ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu, wato Dokin Yennenga. Shugaban ƙasar da ta karɓi baƙuncin bikin a lokacin, Sangoulé Lamizana, shi ma tsohon sojan Indoshina ne, haka kuma Seyni Kunce da ya karɓi mulkin Nijar a watan Afrilun 1974. Yaƙi ɗaya ya fitar da shugabannin ƙasa, ya fitar da dubban Cabascabo, ya kuma fitar da mutum ɗaya da ya ba da labarinsu.

Amma kyauta ba ta zama kasuwa ba. Har zuwa farkon shekarun 1970, kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ne suke riƙe da rarraba finafinai da yawancin gidajen sinima a ƙasashen Afirka rainon Faransa, kuma finafinan Indiya da na kaboyi sun fi musu riba. Aikin wanke zare da haɗa hoto a Faransa ake yin sa, sau da yawa da tallafin Ma'aikatar Haɗin Gwiwa ta ƙasar, wadda takan sayi haƙƙin nuna fim a cibiyoyin al'adu da makarantu. Sakamakon haka shi ne, fim ɗin da aka yi da Zabarmanci domin mutanen Yamai ya fi sauƙin gani a Paris. 'Yancin da Ganda ya ƙwato na riƙe kyamara bai kai ga 'yancin isar da hoton ga masu shi ba. Duk mai son ya mayar da tarihinsa darasin "bi abin da zuciyarka take so" ya kamata ya tsaya a kan wannan, ya kuma kalli Al'lèèssi (2004) na Rahmatu Keita, wanda ya nuna Zalika Sule, tauraruwar kusan dukkan waɗannan finafinai, tana zaman ƙunci a Yamai bayan harkar ta durƙushe. Ita ma sauya rayuwa ta yi domin fim, ta kuma sha tsangwamar mutanen da suka kasa bambanta ta da miyagun matan da take fitowa a matsayinsu. Namijin da ya riƙe kyamara ya bar suna, matar da ta tsaya a gabanta ta biya farashin da ya fi nasa.

Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981 yana da shekara 45. An sa wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa, FESPACO kuma ta ware kyauta da sunansa wadda ake bai wa fim mai tsawo na farko da darakta ya yi. Zaɓin ya dace da shi, domin kyauta ce ta masu farawa, kuma da yawa daga cikin masu neman ta sun baro wata sana'ar ne kafin su iso.